Giga Takwas Ɗin Auta

Shafi na 23

Ku yi haƙuri da shirun da na yi. Masu cewa Yaya ba ya laifi, ku karanta wannan tukuna.

*

"Sake gwadawa," in ji Yaya.

"Na gwada."

"To ki sake mana. Sabon ram ne, sai ya ɗan saba da kwamfutar."

Auta ta juyo da kujerarta ta dube shi. Yana tsugune a gindin teburinta da sukudireba a hannu, gumi na bin wuyansa. Sai murmushi yake, irin na wanda ya yi abin alheri yake jiran a sa masa albarka.

"Yaya, ram fa ba takalmi ba ne, da za ka ce sai ya saba da ƙafa."

"Ke dai danna."

Ta danna. Gem ɗin, wasan yaƙin da take bugawa, ya buɗe nan take.

Yaya ya miƙe zumbur, har kansa ya bugi gefen tebur.

"Kin gani! Ɗazu fa sai mutum ya je ya sha ruwa ya dawo kafin ya buɗe. Giga goma sha shida na ƙara miki, yarinya. Goma sha shida!"

Buɗewa ba ita ce damuwarta ba. Ta sa abin kunne, ta shiga filin gwaji, ta bi da sojanta ta wani ɗan lungu. Lafiya lau. Ta fito babban titi inda motoci ke ci da wuta, hayaƙi ya turnuƙe, gine-gine suka bayyana ta ko'ina. Ta juya maus hagu.

Hoton ya tsaya cak.

Ta ja maus. Shiru. Ta buga shi a tebur. Shiru. Ko da hoton ya farfaɗo, sojanta na kwance a ƙasa. Ko wanda ya harbe shi ba ta gani ba.

Ta cire abin kunnen a hankali ta ajiye, don in ta bi ta zuciyarta, da bango za ta haɗa shi.

Haka take fama tun da ta dawo daga jinyar Gwaggo. Kafin tafiyarta, kwamfutar nan gudu take kamar ruwa a gangare. Tana dawowa ta tarar da ita ta zama tsohuwa mai ciwon gwiwa. A duk wasan da ƙungiyarsu ta buga, sai ta daskare daidai lokacin da ake buƙatarta, a kashe ta, a bi sauran a kashe. Jiya Kaftin, shugaban ƙungiyar, ya faɗa mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba: wasan gwajin yau da yamma shi ne na ƙarshe. In ta sake daskarewa, kujerarta ta zama ta wani, kuma da shi za a tafi babbar gasa.

"Ƙila a ƙara wani ram ɗin," in ji Yaya yana sosa ƙeya. "Akwai sauran rami ɗaya."

"Yaya."

"Na'am."

"In ka sake cewa ram, wallahi zan yi ihu har maƙwabta su shigo."

Mama ta turo ƙofa da kwandon wanki a kugunta.

"Ihun me kuma? Ke Auta, ba kya tausayin yayanki? Tun safe yake durƙushe a ƙarƙashin teburinki kamar mai neman allura."

"Mama, ni ban sa shi ba."

"Ba ki sa shi ba ya yi. Ai shi ne zumuncin. Ki ce kin gode."

"Na gode da me? Abin bai gyaru ba!"

"To ki rage masa nauyi mana," in ji Yaya. "Ba akwai wurin da ake rage kyan hoto ba?"

"Na rage! Na rage har ƙasa! Mutane sun koma kamar buhun dankali. In abokin gaba ya tsaya jikin bango, ban san shi ba, ban san bangon ba. Kuma duk da haka tsayawa yake!"

Mama ta ajiye kwandon a bakin gado, ta hau ninke riguna, idonta a kan rigunan kawai.

"Wasa ne fa, Auta. A kan wasa kike ɗaga wa na gaba da ke murya."

Auta ta buɗe baki, sai wayarta ta yi ƙara. Kaftin ne. Ta sa shi a sifika.

"Kunama, yaya dai?" A gem da wannan sunan aka san ta. "Kwamfutar ta warke ko mu yi mata addu'a?"

"Tana nan yadda take. An ƙara ram, buɗewa kawai ta yi sauri."

"Ram kuma? Wa ya ce miki ram ne? Shiga saitin, ki je shafin hoto, ki gangara can ƙasa. Akwai wani layi da ke nuna ma'ajiyar katin hoto. Wane launi ne?"

Rabonta da gangarawa ƙasan shafin nan tun ranar da aka haɗa kwamfutar. Ba ta taɓa buƙata ba. Ta gangara.

"Ja ne. Ya cika har ya wuce."

"Lamba nawa aka rubuta a ƙarshensa?"

Ta matso da fuskarta.

"Biyu."

"Biyu me?"

"Giga biyu."

Kaftin ya ce, "Ke, ba katin da kika ci a gasar bara ne a ciki ba? Ni fa na miƙa miki shi da hannuna. Giga takwas ne. Ina shida suka tafi, kasuwa?"

"Gem ɗin ne ya rikice," Yaya ya faɗa da sauri. "Haka suke yi. Ƙarya suke rubutawa."

"Wane ne wannan?"

"Yayana ne."

"To ki gaishe shi, ki ce masa gem ba ya ƙarya a nan. Kunama, ni na gaya miki. Yaran nan sun tasa ni gaba. In na buɗe ɗakin wasa a intanet ba ki shigo da lafiyayyar kwamfuta ba, babu abin da zan iya yi miki."

Ya kashe.

Mama na ta ninke riga guda, ta warware, ta sake ninkewa.

Wani abu ya faɗo wa Auta a rai. Duk lokacin da Yaya zai buɗe akwatin kwamfutar nan, sai ya aike ta. Ɗebo min ruwa. Duba min caja a falo. Kira min Mama. Kafin ta dawo ya riga ya mayar da murfi ya ɗaure.

Ta miƙa hannu.

"Ba ni sukudireba."

"Wuta za ta ja ki."

Ta sunkuya ta fizge wayar wutar daga bango.

"Yanzu ba za ta ja ni ba. Ba ni."

"Auta, ke fa ba ki iya..."

Ta warce daga hannunsa. Ta jawo akwatin tsakiyar ɗaki, ta kwance kusoshi, ta zare murfin.

Ta san katinta kamar yadda ta san tafin hannunta. Ƙato ne baƙi, mai fanka uku, har sai da aka cire wani ƙarfe kafin ya shiga akwatin. Abin da ke zaune a wurinsa yanzu wani ɗan tsurut ne, kore, mai fanka ɗaya kamar murfin kwalba, ƙura ta yi masa rawani.

Ta ɗago.

"Mene ne wannan?"

"Kati ne," in ji Yaya.

"Na ga kati ne. Ina nawa?"

Ya kalli Mama. Mama ta kalli kwando.

"Yaya, da kai nake. Ina katina?"

"Ya... ya ƙone."

"Ya ƙone."

"Eh. Kina gidan Gwaggo aka kawo wuta mai ƙarfi. Na kai wa Injiniya, ya ce ya tashi aiki, shi ne ya sa miki wannan. Ban gaya miki ba don kar ranki ya ɓaci."

"Kwamfutar da na kashe, na cire wayarta daga bango da hannuna kafin in tafi? Ta ina wutar ta shiga, ta taga?"

"Wuta ai ba a gane mata."

Ta mayar da murfin, ta yafa mayafi, ta rungumi akwatin a ƙirji.

"Ina za ki da wannan kaya?" in ji Mama.

"Wurin Injiniya. In ya ƙone, ya ba ni gawarsa in gani."

"Bari ni in kai," in ji Yaya yana tare ƙofa. "Yana da nauyi."

"Matsa."

"Auta..."

"Matsa, Yaya, ko in ajiye maka shi a ƙafa."

Ya matsa.

*

Shagon Injiniya mai gyara yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, benen da Yaya ke aikin haɗa bidiyo a samansa. Tafiyar ba ta da nisa, amma kafin su isa hannuwanta sun sage. Yaya na biye da ita a baya yana magana, ita kuwa ko waiwaye. Mai sayar da caja a bakin ƙofa ya ce, "A'a, 'yar gidan Yaya, yau ke ce ɗan dako?" Ta watsa masa harara, ya haɗiye sauran dariyarsa.

Shagon ɗan ƙuƙut ne. Matattun allunan kwamfuta jere har rufi, wayoyi na reto kamar shanya, warin dalma ya cika wurin. Injiniya na zaune bayan tebur da tabarau a goshi, yana hura shayi.

Ta dire akwatin a gabansa, har shayin ya fantsalo.

"Ƙanwata! Lafiya kuwa?"

"Ina katina da ya ƙone?"

"Wane kati?"

"Nawa. Baƙi, mai fanka uku. Yaya ya ce ka ce ya ƙone."

Ta bayanta Yaya na ta ƙifta ido yana girgiza kai. Injiniya ya sauko da tabarau, ya dube shi da kyau.

"Kai kuma wani abu ne ya faɗa maka a ido?"

"Injiniya..."

"A'a, tsaya. Ni na ce ya ƙone? Ni? Ka rufa min asiri, kar a ce kayan mutane na ƙonewa a shagona. Ƙanwata, katin nan lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya. Yana sama yana aiki tun safe."

"Sama ina?"

"Ofishin su yayanki mana. Ni na ɗora shi a kwamfutarsu." Ya dubi fuskarta, ya dubi ta Yaya, ya ajiye kofin a hankali. "Au. Ba ki sani ba?"

Auta ta juya.

Yaya ya yi tsuru-tsuru, ya jingina da tarin alluna.

"Ya ce min kin yarda," in ji Injiniya. "Wallahi ya ce kin yarda. Har cewa ya yi kin daina wasan."

"Na daina wasan."

"Haka ya ce."

"Yaya, na daina wasan?"

"Ki saurare ni tukuna..."

"Ina sauraro. Tun da na dawo nake sauraronka. Ka ce ƙura ce, na goge. Ka ce intanet ne, na yi faɗa da masu intanet har suka daina ɗaga kirana. Ka ce zafi ne, na kwashe fankar ɗakin Mama na kafa mata. Ina zaune ina kuka gabanka, kana ba ni haƙuri, ashe katina na saman kanka!"

"Aro na yi!"

"Aro? Wa ka tambaya?"

"Kwamfutar ofis ce ta kasa ɗaukar aikin da aka ba ni. Oga ya ce in ban iya ba akwai masu iyawa a waje suna jira. Ke kuma ba kya nan, katin na zaune ba ya komai. Na ce kafin ki dawo na gama. Sai aikin ya ja."

"Da na dawo fa?"

"Da kika dawo ai na biya ki!"

Ta tsaya tana kallonsa.

"Ka biya ni da me?"

"Da ram mana!" Muryarsa ta dawo da ƙarfinta, kamar ya samu dutsen takawa. "Ki yi lissafi da kanki. Giga takwas na ɗauka, ko? Na sa miki mai biyu, saura shida. Na kawo miki goma sha shida. Wa ya ci riba? Ni fa nake binki godiya. Giga ai giga ne!"

Auta ta dafe kai da hannu biyu.

"Injiniya, don Allah ka yi masa magana. In ni na yi, zan faɗi abin da Mama za ta yi fushi da ni."

Injiniya ya gyara zama, ya ture kofin gefe.

"Kai, zo nan. Ka ga teburin nan nawa?"

"Na gani."

"Ka ga ɗakin ajiyata can baya?"

"Eh."

"To katin hoto ma'aikaci ne, shi ke zana duk abin da take gani a allo. Bango, hayaƙi, mota, fuskar mutum. Yana da teburinsa na kansa, a jikinsa yake, a nan yake baza kayan zanensa. Nata teburin giga takwas ne, komai na gabansa, hannu kawai zai miƙa. Kai ka kawo mata mai teburin giga biyu. Kaya ba su shiga ba. Ina zai zuba sauran?"

Yaya ya sosa ƙeya.

"A ɗakin ajiya. Shi ne ram. Duk sanda ta juya, ana son sabon bango ko sabon hayaƙi, sai ya tashi ya tafi ɗakin ajiya ya ɗauko ya dawo. Tafiyar nan da dawowar ita ce tsayawar da take gani. Kai kuma me ka yi? Ka je ka faɗaɗa ɗakin ajiya. Ko ka mai da shi filin ƙwallo, tebur na nan yadda yake. Ga shi ma'aikacin da ka kawo ma tsoho ne, hannunsa ba sauri."

"To ai kai ka sayar min da ram ɗin!" Yaya ya daka masa tsawa. "Ka ce zai taimaka!"

"Na ce zai taimaka wajen buɗewa. Ƙanwata, ya buɗe da sauri ko bai buɗe ba?"

"Ya buɗe."

"To ka ji. Ram na da aikinsa. In ya yi kaɗan, kwamfuta gaba ɗaya ce ke nishi, ka buɗe wannan wancan ya rufe. Amma nata da ma ya ishe ta. Ni mutum ya zo ya ce in ba shi ram, sai in ce a'a? Shago na buɗe, ba makaranta ba."

"Ku biyun duk ɗaya ne," in ji Auta. "Wallahi duk ɗaya ne. Ɗaya ya kwashe min tebur, ɗaya ya sayar masa da ɗakin da ba na buƙata."

"Ni dai ban ce ya ƙone ba," in ji Injiniya, ya koma ga shayinsa.

Ta juya ga Yaya.

"Mama ta sani?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, Mama ta sani?"

"Ita ta ce in ɗauka." Ya sunkuyar da kai. "Ta ce nawa aiki ne, naki wasa."

Wannan ta fi komai yi mata zafi. A ce duk kukan da ta yi a kafaɗar Mama, Mama na shafa mata baya tana cewa ta bar wa Allah, ashe ta san inda katin yake.

Ta goge ido da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar idon ne ya yi mata laifi.

"Injiniya, in na kawo katin yanzu, za ka mayar kafin yamma?"

"Kafin shayin nan ya huce. Ki ma zauna nan ki buga wasanki, layina na da ƙarfi, ga allo, ga kujera. Kin ga na wanke laifina."

"Ba ni sukudireba."

Ya miƙa mata.

"Auta, tsaya!" Yaya ya biyo ta. "Ba za ki gane ba. Yana tsakiyar aiki!"

Ta riga ta kama matakala.

*

Ofishin sanyi ƙalau, ba kowa. Manyan fitilu a kan ƙafafunsu, farin ƙyalle ya sauko daga bango har ƙasa. A lungu ga teburin Yaya, ga kwamfutar ofis a ƙasa, an cire murfin gefenta don kar ta yi zafi.

Ga shi nan.

Fanka uku na juyawa, suna huci a hankali. Katinta.

Ta ɗaga ido ta kalli allon, ta ga aikin da aka kwashe mata kati dominsa.

Katifa ce.

Wata ƙatuwar farar katifa na juyawa a sararin sama, taurari na zuba a kanta, gashin tsuntsu na saukowa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan allon wani koren layi na tafiya kamar hawainiya, ko rabi bai kai ba.

"Katifa," ta ce.

"Talla ce. Ta wani kamfani."

"Saboda katifa za a kore ni daga ƙungiya."

"Ba katifa kawai ba ce, ki duba gashin tsuntsun nan. Kowane ɗaya sai an zana shi da inuwarsa. Tsohon katin ofis yana kaiwa nan yake mutuwa."

"Ashe ka san tebur na cika! A nan ka sani! Me ya hana ka ƙara wa taku ram, tun da giga giga ne?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Na ƙara," ya ce can ƙasa. "Bai yi ba."

Saura kaɗan ta jefe shi da sukudireban.

"Ka gwada a taka bai yi ba, ka zo ka yi min irinsa, kana cewa in gode?"

"Na zaci gem ba kamar aiki ba ne. Na zaci zai haƙura."

"Yaushe wannan layin zai cika?"

"Sai can bayan an tashi daga aiki."

"Wasana kafin nan ne."

"Na sani."

"A tsayar da shi, in na gama a ci gaba."

"Ba ya ci gaba. In ya tsaya, sai daga farko. Masu katifa yau za su karɓa, Oga ya tafi taho da su. Auta, sau biyu ina saɓa musu. Oga ya rantse wannan ne na ƙarshe."

"Ni ma nawa na ƙarshe ne."

"Naki in kin rasa akwai wata gasar."

"Wa ya gaya maka? Ka san yadda na sha wahala kafin su yarda su sa ni? Ka san sau nawa aka ce in koma kicin? Katin nan ba saya min aka yi ba, Yaya. Ci na yi. Shi kaɗai ne abin da na taɓa samu da hannuna a duniya."

Ya zauna a bakin tebur, ya rufe fuska da tafukansa.

"Da ka tambaye ni," ta ce.

"Da kin hana."

"Da na ba ka. Da na ce wa Kaftin ya ɗaga min ƙafa, ko in nemi aron kwamfuta tun da wuri. Da ni zan kawo maka har nan. Amma ka bar ni ina zagin kaina, ina cewa ko hannuna ne ya mutu."

Bai ɗago ba.

Wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga.

"Kunama, na buɗe ɗaki. Yara sun fara shigowa, wanda zai karɓi kujerarki ma ga shi nan yana ɗumama hannu. In rubuta sunanki ko in rubuta nasa?"

Ta kalli katifar. Ta kalli koren layin. Ta kalli ƙeyar Yaya, wanda ya goya ta zuwa makaranta, wanda ya fara koya mata riƙe maus.

"Kunama, kina jina?"

"Rubuta nawa," ta ce. "Ka ba ni ɗan lokaci. Ina zuwa."

Ta kashe wayar, ta durƙusa bayan kwamfutar, ta lalubo makunnin da yatsa.

"Auta." Yaya ya matso kusa da ita. "Don girman Allah."

"Ka ce min kar in kashe, ka kalli idona ka ce nawa wasa ne."

Ya kalle ta. Leɓɓansa suka motsa. Ya sauke ido ƙasa.

Ta danna.

Fanka ukun suka yi ajiyar zuciya suka tsaya. Katifa ta ɓace. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya zama madubi.

A cikin madubin ta ga ƙofa a buɗe. Ta ga wani ƙaton mutum tsaye da makullin mota a hannu, bayansa wasu mutum biyu riƙe da jakunkuna, murmushinsu bai gama sauka daga fuska ba.

Oga ya tako a hankali. Ya dubi baƙin allon. Ya dubi yarinyar da ke durƙushe da sukudireba. Ya dubi Yaya.

"Wa ya kashe min aiki?"

Auta ta buɗe baki.

Yaya ya miƙe, ya shiga tsakaninta da Oga, ya kai hannu ta baya ya tura mata akwatin kwamfutar ofis kusa da gwiwarta.

"Ni ne, Oga," ya ce. "Ke Auta, kwance katinki ki tafi."